Baƙar Ƙasar Gonar Kawu Suma'ila

Ɗanƙarami suna ne kawai, domin mutumin ƙato ne, ƙofar zaure ma sai ya karkace yake shiga. Shekara ashirin ya yi yana tuƙa katafila, kuma da wuya ka sami ramin burji tsakanin Damagaram da Tirmini wanda bai sa hannu ba. Yau kuwa in kana nemansa, sai dai ka bi sawun amalanken jaki.

Abin ya faro ne shekarar da aka gyara hanya. Masu aikin suka gano burji mai kyau a ƙarƙashin gonar Suma'ila, yayan mahaifiyarsa. Tsoho ya ƙi ƙememe a haƙa masa gona. Gonar nan shekara arba'in Fulani na sauka cikinta da shanu bayan girbi, har ƙasarta ta yi baƙi wuluk. Sai da ya ji ɗan ƙanwarsa ne zai hau injin sannan ya sauko.

Ya ce, "In kai ne, ɗana, shi ke nan."

Ƙa'idar aikin ko kaɗan ba ta da wuya. Ka kankare ƙasar sama, kamar kamu guda, ka tara ta gefe. In an gama kwasar burji ka cike ramin da jar tsakuwar da ta rage, sannan ka shimfiɗa baƙar a bisa. Ɗanƙarami ya san wannan kamar sunansa.

To amma ranar rufe rami, babbar motar da za ta kai katafila wani shantiye, wato wani wurin aikin hanya, tana bakin hanya tana ta oda, shef, shugaban aikin, kuma na ɗaga masa hannu ya yi sauri. Tulin baƙar ƙasa na bakin rami, jar tsakuwa na can nesa. Sai ya tura na kusa. Ya binne takin shekara arba'in a ƙasan rami, ya lulluɓe da tsakuwa, ya daddale. Kai, wurin har kyau ya yi!

Da damina gero ya tsiro, ya kai idon sawu, ya yi ja, ya mutu. Ruwa in ya sauka sai ya gudu kamar a kan siminti. Gonar da ke cika rumbu biyu ta kasa ba da dami biyar, kuma ita ce ke ciyar da gidan.

Ɗanƙarami ya kasa cin tuwo da daɗi. Ya ajiye tuƙi, ya sayi jaki, ya shiga kwaso taki daga garken duk wanda ya yarda. Yana sara ƙananan ramuka a jar ƙasar nan da diga, tassa kenan, yana cusa taki, don ruwa ya sami wurin tsayawa. Shekara uku yana wannan, tafin hannunsa duk ya yi kanta, kore ya fara leƙowa nan da can.

Abin da ya fi damunsa shi ne yabo. Kawu in ya zauna ƙofar masallaci sai ya ce, "Ku dubi ɗan albarka, wasu sun ɓata, shi yana gyarawa." Duk ranar da ya ji wannan, wallahi, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ran nan da la'asar suna hutawa gindin gawo, sai maganar ta ƙwace masa.

"Kawu, ba wasu ba ne. Ni na binne baƙar ƙasar da hannuna, don sauri."

Tsoho ya daɗe yana murza ɗan hoge a yatsunsa.

"Ai na gan ka. Ina nan gindin gawon nan a tsaye."

"Ka gan ni? Me ya hana ka tsayar da ni?"

"Na ɗaga hannu, sai na tuna kai ne a saman injin, na sauke. Na ce ɗana ya fi ni sanin aikinsa."

Ɗanƙarami ya ɗauki diga ya koma cikin rana, don kada tsoho ya ga fuskarsa.