Rawanin da na saya a waya

Jama'a, mai unguwarku na gobe yana cikin wani hali!

Makon jiya na ce bari in sayi rawanin naɗina a waya, kamar 'yan boko. Na rubuta "rawani", aka ce babu. Na shiga sashen kayan maza, takalma ne jingim. Can cikin kayan ɗaki na hango farin ƙyalle shara-shara, na danna.

Yau ɗan acaɓa ya kawo. Hajiya ta warware, ta ce, "Malam, wannan ai gidan sauro ne."

Na ce, "Duba dai da kyau."

Ta ce, "Ga igiyoyin ratayewa har huɗu."

Naɗi gobe da hantsi ne. Mai rawanin aro ya taimaka, kafin Daura ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.