Ƙamusun Malam da Ladanin Unguwarmu

Da malamin da ya koya mini nahawu ya rasu, magada suka ce za a yi gwanjon littattafansa, amma a waya. Babban ɗansa, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Tudun Jukun, ya buɗe guruf ya zuba mu ciki: tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwa, da 'yan kallo waɗanda suka fi kowa surutu. Doka ɗaya ya kafa. A yi ta tayi, kiran sallar La'asar na ranar Asabar shi ne rufewa.

Abu guda nake so, wani tsohon ƙamus na Larabci wanda bangonsa ya saɓule. Irinsa na nan a kasuwa. Abin da babu a kasuwa shi ne gefen shafukansa, inda Malam ya yi shekaru yana musu da mawallafin da jar tawada.

Ƙanwar matata, wadda ke sayar da atamfa a intanet, ta ba ni lacca. "Yaya, kada ka ce uffan. Wanda ya nuna yana so shi ake hawa. Ka yi lamo, sai ladan ya gyara murya, ka jefa naka."

Na yi lamo. Ina kallo wani Alhaji mai sayar da siminti a Ƙofar Doka yana ta tayi shi kaɗai, in ya ji shiru ma sai ya ƙara wa kansa da kansa.

Ranar Asabar na rubuta tayina na ajiye, yatsa a kan waya, kunne a masallacinmu. Ladaninmu dattijo ne wanda bai yarda da gaggawa ba. Sai ya gaisa da kowa, ya yi kokawa da lasifika tukuna. Ina jin ta yi ƙara na latsa. Sai ga saƙon ɗan Malam a saman nawa, har ya huce: "An sallama wa Alhaji."

Na kira ɗan Malam. "Malam, wane irin an sallama? Ba a kira salla ba!"

"Baba, an kira mana."

"A ina?"

"Nan bakin gidana."

Garin da kowane lungu ke da masallacinsa, kowane masallaci da agogonsa, ba wanda ya tambayi wane ladan ake nufi! Na kai ƙara guruf. Wani daga Tukur-Tukur ya ce su har sun idar. Wani ustazu ya jero bayani kan lokutan salla, ya bar maganar ƙamus inda ya same ta.

Na haɗiye girman kai, bayan 'yan makonni na je wurin Alhaji roƙon ko da aro ne. Ya tarbe ni da fara'a.

"Malam, ai ka zo a daidai. Jiya aka dawo da shi daga wajen masu ɗinkin littafi."

Ya miƙo mini. Sabon bango kore, harafin zinariya, shafuka a daidaice kamar an aske su.

"Na ce su datse gefen nan duka," in ji shi. "Wani ya ɓata shi da jan biro."