Hoton Baba a Cikin Rake

Baba ba ya son hoto. In ka ɗaga kyamara sai ya juya maka ƙeya ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne. Sau ɗaya tak na yi nasara a kansa, shekarar da na bar lakwal, wato makarantar boko, hannu wofi, wani abokina mai zuwa sari Kano ya taho mini da 'yar kyamara. Na bi Baba fadamarmu ta hanyar Tsauni da hantsi, yana saran rake. Wani kara ya kufce masa ya kusa zaunar da shi a taɓo, ya ɗago yana yi wa kansa dariya, na danna. Wando naɗe zuwa gwiwa, laka har ƙwauri, giɓinsa a waje, haƙora jajaye da goro, haske na ratsowa ta ganyen rake yana sauka a kafaɗarsa.

Wannan hoton ne ya mai da ni mai sana'a. Na buɗe 'yar rumfa kusa da tashar Matameye, na sayi tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, na koyi haɗa katin biki da allon shago. Duk ranar da kaina ya toshe sai in buɗe hoton in zuba masa ido. Koren ganyen nan da jan lakar na sa su a allunan masu shayi da teloli sun fi a ƙirga, ba wanda ya san daga ina na ɗebo su. Ban taɓa wanke shi a takarda ba. Kullum gobe. Mai hoto ne ni, ai ba ya guduwa.

Mutanen garinmu kuwa ba sa son kansu yadda suke, wannan na gane shi da wuri. Mai amalanke zai zo ya ce a sa masa mota a baya. Wanda ko Damagaram bai cika zuwa ba yana son benaye masu gilashi. Ina yi musu, ina raina su a zuci, ina jin ni na fi su ido.

Da Baba ya rasu, yayana ya zo daga Yamai, inda yake aikin gwamnati. Yana son sanarwar rasuwa mai hoto da zai tura wa abokan aikinsa a waya. Hoton katin ɗan ƙasa ya dushe, don haka na buɗe masa nawa, ina jiran ya yi ƙwalla. Ya duba, ya taɓe baki.

"Haka zan nuna wa mutane ubana? Kamar ɗan ƙwadago? Ka gyara shi."

Zan so in ce na yi gardama. Ban yi ba. Tun muna yara shi ne mai takardu, ni ne wanda aka rasa yadda za a yi da shi, ga shi yau ya ja kujera ya zauna kusa da ni yana bukatar hannuna. Daɗi na ji, Allah ya sani. Na yanke raken na jefar. Na samo babbar riga ta wani Alhaji da ya ɗauki hoto a wurina na ɗora wa Baba, na kafa masa hula, na zaunar da shi a kujera mai ruwan zinariya. Yaya ya ce dariyar ba ta dace da rasuwa ba, ga giɓi ga goro. Na aro leɓɓan Alhajin nan na rufe masa baki. Ya dafa kafaɗata ya ce ashe na iya aiki, ni kuma saboda rawar kai na danna ajiyewa a kan hoton asali, ban sauya masa suna ba.

Sai bayan sadakar bakwai na lura. Katin kyamarar na shafe shi ya fi sau ɗari saboda bukukuwa. Na kai ordinatar wurin masu gyara a Damagaram, suka kwana biyu da ita suka ce in yi haƙuri. Yaya ya koma Yamai da ubansa mai babbar riga, ya sa shi a gilashi a falo. Har yau in na ga hoton nan raina ɓaci yake, kuma ba da Yaya nake fushi ba.

Inna ta fita takaba da 'yan kwanaki ta kira ni ɗakinta. Ta ce na taɓa nuna mata wani hoton mahaifinmu a fadama, shi take so in wanko mata ƙarami, wanda za ta sa a ƙasan adakarta. Ba ta taɓa roƙona komai ba tun da na buɗe rumfa. Na ce mata to, kwana uku.

Baffana, ƙanin Baba, tsayinsu ɗaya, kuma shi ya ci gaba da noman fadamar. Na ce masa hoton talla nake so. Na sa ya naɗe wando, ya shiga taɓo, na jira rana ta zo daidai inda take a wancan hantsi, na danna. Na dawo na cire kansa na ɗora na Baba, wanda na yanko daga hoton sanarwar. Bakin ne ya gagare ni. Na gwada dariyar mutum goma, ba wadda ta zauna, daga ƙarshe na bar shi a rufe. In faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Duk wanda na nuna wa a tasha sai ya ce Allah ya ji ƙan tsoho.

Na kai wa Inna bayan la'asar, tana tsince wake a faranti. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ba ta daɗe a kan fuskar ba. Ƙasan hoton ta duba, ta daɗe tana dubawa, ni ina tsaye kamar wanda aka kama da kaza a hammata.

"Allah ya yi maka albarka, ka sha wahala," in ji ta. Ta miƙo mini shi. "Ka kai wa matar baffanka, ƙafafun mijinta ne."

Na ce Inna, na asalin ya ɓace, ni na ɓata shi da hannuna. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo farantin ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce in ja mata ƙofa in zan fita.