Wat Biyar na Mai Agogo

Mai Agogo ya shekara talatin yana gyaran agogon hannu a ɗan shagonsa na bakin tasha, har ya zama komai ƙanƙane ne ke burge shi. Da ya shiga harkar rediyon magana, irin wanda masu sha'awa ke kiran juna da shi daga ƙasa zuwa ƙasa, cikin gwangwanin biskit ya haɗa nasa. Ƙarfinsa wat biyar, eriyarsa kuwa waya ce da ya ɗaure daga taga zuwa bishiyar maƙwabci.

Yayansa, tsohon direban babbar mota, yana zaune a tsallaken titi, shi ma da na'ura mai wat dubu. In ya danna makirufo sai fitilun gidan sun lumshe, muryarsa ta fito ta talabijin ɗin matarsa.

"Kai fa raɗa kake yi," in ji Yaya. "Sauro ya fi ka ƙara."

Abin na cin Mai Agogo, don yakan yi sati yana kira ba wanda ya amsa masa.

Wata Asabar da hantsi sai ga muryar wani mutum a rediyo daga tsibiri mai nisan gaske. Yaya ya hau kira ba ƙaƙƙautawa. Mai Agogo ya jira har ya tsaya jan numfashi, sannan ya faɗi lambar kiransa sau ɗaya.

"Ina jin ka ƙasa-ƙasa, amma tsaf," in ji mutumin. "Ka san mai ihun nan? Sau bakwai ina amsa masa. Don Allah a ce masa ya saki makirufo ya saurara, in yana danne da shi ba zai ji kowa ba."

Mai Agogo ya zura silifas ya tsallaka titi, bakinsa har kunne. Ya tarar da Yaya sharkaf da gumi, ya isar da saƙon bai rage ko kalma ba.

Yaya ya share gumi. "Sau bakwai? Kai sau nawa ya amsa maka?"

"Sau ɗaya."

"To ka gani."

Ya sake kai hannu ga makirufo, Mai Agogo ya riƙe hannun gam har mutumin ya kira a karo na takwas. Ranar Yaya ya ji muryar tsibiri da kunnensa. Har yau kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji labarin yadda ya ci ƙanensa takwas da ɗaya.