Abin da Malam Nasiru Ya Bari a Cikin Burauza

Ina Anka, a bakin shagon mai gyaran babur ina jiran a ɗaure min birki, shugaban makarantar sakandaren da Malam Nasiru yake koyarwa a Bukkuyum ya kira ni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce 'yan bindiga sun tare hanyar Zugu da hantsi, sun harbe mutum uku, Malam Nasiru na ciki, za a yi jana'iza bayan la'asar. Na tambaye shi sau biyu ko ya tabbatar, ya ce da hannunsa ya taimaka aka sa gawar a mota. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban samu jana'izar ba, sai washegari na isa.

Mun koyar tare a Gummi kafin in koma aikin jarida. Shi lissafi yake koyarwa, amma ba da lissafi aka fi saninsa ba. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san halin sabis: layi ɗaya ko biyu a saman waya, shafi ya yi ta juyawa har mutum ya haƙura. Yanzu kuwa neman makaranta da rajistar jarrabawa duk sun koma intanet. Malam Nasiru ya gano da kansa cewa rabin wahalar ba daga sabis take ba, daga burauza take, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Ya zauna ya koyi saitinta ciki da waje, ya mayar da abin aikin Allah.

Na ga yadda yake yi ba sau ɗaya ba. Zai karɓi wayarka ko kwamfutarka, ya shiga saiti, ya hana hotuna fitowa, ya hana bidiyon talla kunna kansa, ya kashe abin nan da ke ɗauko shafuka tun ba a nema ba, ya cire ƙananan manhajojin da suka maƙale wa burauzar, sannan ya share tarkacen da ta tara. Shafin da ya ƙi buɗewa tun safe sai ya buɗe, babu ƙawa, rubutu zalla. Idan aka yi ƙorafin rashin hoto yakan ce, "Hoto kwalliya ne, rubutu shi ne saƙo." Wani lokaci kuma ya ce, "Jakin da anka labta ma kaya ba shi gudu. Sauke mai, ka gani."

Ni ma ban tsira daga bakinsa ba. Wata rana a Gummi ina fama da tura rahoto, ina zagin kamfanin layi, ya leƙo ta kafaɗata.

"Ɗan jarida, shafi nawa kab buɗe?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ashirin da bakwai. Kasuwar Gummi ma ba ta cika haka. Kai ka hana kanka tahiya, kana kuka da hanya."

Ya rufe duka ya bar ɗaya, rahoton ya tafi kafin in gama kare kaina.

Yana da wata ɗabi'a da na daɗe ban fahimta ba. Ɗaliban ƙauyuka da yake cika wa takardun neman makaranta, ba ya rubuta sunayensu da lambobin wayar iyayensu a takarda. Ya ce min idan aka tare shi a hanya aka samu irin wannan takarda a aljihunsa, ya miƙa wa mutanen daji jerin gidajen da za su kira ke nan. Saboda haka shi yake buɗe wa kowa adireshin imel, shi yake zaɓar kalmar sirri, ya bar wa burauzar kwamfutarsa ta riƙe. Kwamfutar kuwa ba ta bin hanyar ƙauye, a gida take kwana.

Abin da ya kai shi Zugu ranar, wata ɗalibarsa ce mai suna Rabi, wadda ta gama sakandare tana neman makarantar koyon aikin jinya. Ya cika mata komai, saura hoton takardar sakamakonta, takardar kuma tana gidansu a Zugu, inda sabis bai isa a turo hoto ba. Ya hau babur ya karɓo, a hanyar dawowa aka tare su. Sun tafi da babur da wayarsa. Takardar tana cikin rigarsa, an same ta.

Ranar sadakar uku, matarsa Malama Hafsatu ta aiko aka kira ni zaure. Ta miƙo kwamfutar da takardar daga bayan labule.

"Yaya, ran Jumu'a za a ruhe rajistar Rabi. Abin da yat tahi dominshi ke nan. Kai kaɗai na sani da za ya iya."

Na karɓa da ƙarfin zuciya, domin na sha ganin hannunsa yana aikin. Na zauna a zauren na haɗa kwamfutar da wayata. Shafin makarantar ya ƙi buɗewa, ya yi ta juyawa. Na duba saiti, hotuna a kashe suke, komai yadda ya bar shi. Sai na ce bari in share tarkace. Wurin sharewar yana da ƙananan akwatuna da ake zaɓa: tarihin shafuka, ajiyayyun hotuna, bayanan shiga, kalmomin sirri. Na zaɓe su duka, na ce a share tun daga farko, na danna. Shafin ya buɗe nan take, ya nemi kalmar sirri, gurbin da burauzar ta saba cikewa da kanta yana nan fayau.

Ina rubuta wannan dalla-dalla ne don kada wani ya maimaita. Sai a lokacin na tuna cewa duk sanda Malam Nasiru zai share, yakan tsaya ya karanta akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya cire alama daga na kalmomin sirri. Na ga yana yi, ban taɓa tambayar dalili ba. Shugaban makarantarsu ya gaya min daga baya cewa Malam Nasiru yakan ce wa ɗalibai, "Share ɗaki, amma kada ka kwashe makulli cikin shara."

Na gwada duk hanyar da na sani. Shafin ya ce zai tura lambar tabbatarwa zuwa imel, imel ɗin ma kalmarsa ta tafi. Imel ya ce zai tura lamba zuwa layin waya, layin kuwa yana daji hannun waɗanda suka kashe shi. Dawo da layin mamaci yana buƙatar takardun da ba sa samuwa cikin kwana uku. Na so in buɗe wa Rabi sabuwar rajista, shafin ya ce an riga an yi amfani da lambar shaidarta. Na rubuta wa makarantar, amsa ba ta zo ba har Juma'a ta wuce.

Rabi ta zo da mahaifiyarta ranar addu'ar bakwai. Na gaya musu gaskiya a gaban Malama Hafsatu, ban ɗora wa sabis laifi ba. Mahaifiyar ta ce, "Shi ya ba da ranshi, kai ka ba da niyya. Mi za mu ce?" Rabi ta dubi ƙasa ta ce, "Inna, bana ba rabona." Ta juyo gare ni ta ce, "Amma Baba, baɗi ni za ni riƙe kalmar da kaina, a kaina." Shekara guda ce ta tafi mata, a garin da ba kowace yarinya ke samun shekara ta biyu ba. Wannan nauyin nawa ne, kuma na yi alkawarin tsaya mata baɗi idan da rai.

Idan Malam Nasiru yana da aibi, shi ne ya ɗauke wa mutane kaya har ya manta cewa shi ma mai tafiya ne. Tsoron kada a cutar da iyayen ɗalibansa ya sa ya riƙe komai shi kaɗai, ya kuma bi hanyar da ya hana kwamfutarsa bi.

Allah Ya jiƙan Malam Nasiru da waɗanda suka rasu tare da shi, Ya karɓi shahadarsu, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya ba Malama Hafsatu da 'ya'yansa huɗu haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya buɗe wa Rabi ƙofar da na rufe mata da hannuna. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya sa mu cika da imani. Amin.