Mama Odessa da Yatsan Tavian

Shekara ashirin da shida Odessa Pruitt ta yi tana tuƙa bas ɗin makarantar sakandaren garinsu, can kudancin jihar Jojiya a Amurka. Ita ke kai 'yan ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a ruga da ita, duk garin da za su buga wasa, ita ke dawo da su, ko suna waƙa ko suna kuka. Da ciwon gwiwa ya hana ta taka birkin bas mai tauri sai ta yi ritaya, amma wasa ko ɗaya bai taɓa wuce ta ba. Kowa Mama Odessa yake ce mata, har koci. Idan kakar wasa ta ƙare, yaran kan taru a barandarta ranar Lahadi bayan an tashi coci, ta cika su da soyayyar kaza da burodin masara, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gaya wa kowa abin da ta gani a wasansa. Ba ta yi wa kowa kara.

A bana wanda ke bakin mutane shi ne Tavian Mosley, ɗan shekara sha shida, wanda ake miƙa wa ƙwallo ya rungume ya keta tsakiyar ƙarti. Yadi dubu da ɗari biyu ya ci da gudu, ƙwallo a hannu, a wasa goma. Amma a wasan ƙarshe, saura taku uku ya tsallaka layin cin maki, ƙwallon ta suɓuce masa, aka fitar da su daga gasa. Ranar Lahadi kowa ya zo, ban da shi.

Washegari ta dogara sandarta ta shiga mota ta tafi wurin wankin motar da yake aiki bayan makaranta. Yana hango ta ya sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Mama."

"Kai, ɗan nema! Ni za ka sa yawo da gwiwoyin nan? Ajiye soson ka zauna."

Ya zauna a kan bokiti.

"Wasa huɗun farko," ta ce, "gudu kake yi kamar kare ya biyo ka. Ba ka jiran masu buɗe maka hanya, har bayansu kake yi wa karo. A na biyar ka koyi haƙuri, ka riƙa jira ƙofa ta buɗe sannan ka wuce fit. Ranar na yi ihu har muryata ta dishe. Tare wa ɗan'uwa abokan hamayya kuwa, har yanzu kakarka ta fi ka iyawa."

Ya yi 'yar dariya, sai kuma idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ni na kayar da mu, Mama."

"Kai ne ka kai su wasan ƙarshen tukuna. Miƙo hannun dama."

Ya ɓoye shi a bayansa. Ta tsare shi da ido har ya miƙo. Ƙaramin yatsan ya kumbura, ya karkace.

"Tun wasa na takwas ka koma riƙe ƙwallo da hagu. Ka zaci makauniya ce ni?"

"Masu ɗaukar 'yan wasa na jami'a sun ce za su zo. Da koci ya sani, da a benci zai ajiye ni."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta shafa kansa, ta ce ya je ya gaya wa maigidansa zai fita. A tsohuwar motarta suka tafi asibiti, shi ke nuna mata kwana kamar ba ita ta san hanyoyin ba. Likita ya duba hoto ya ce karaya ce, sai an gyara ƙashin. Da Tavian ya ga allura sai ya waiwayo.

"Mama, kar ki fita."

Ta ja kujera ta riƙe masa hannun hagu. Yaron da ƙarti uku ba sa kayarwa ya runtse ido yana matse mata yatsu.

Yatsan ya warke cikin mako shida, da 'yar karkata kaɗan. Tun ba a cire bandejin ba ya je da kansa ya gaya wa koci gaskiya.