Baba Jan Fenti da filin bakin kogi

Da safen nan, ban ko gama jera kaya a teburina na Babbar Kasuwa ba, Yaya Nura ya kira ni. Baba Haruna ya rasu. Bayan sallar asuba, yana zaune a kan dardumarsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na tsaya da cajar waya a hannu, wata mata tana ta tambayata nawa ce. Sai maƙwabcin teburina ne ya sallame ta.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Haruna mahaifin Yaya Nura ne, maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin tsara gari. Ya yi ritaya tun ina firamare. A unguwa ba kasafai ake kiran sunansa ba, Baba Jan Fenti ake ce masa, wai su ne masu shafa wa gini jan fenti kafin a zo rusau. Kuma ya sani. In ya yi sallama a majalisa ya ga an yi tsit, sai ya ce, "Ku saki jikinku, yau ban zo da gwangwani ba."

Ni ban gama makaranta ba, masu bina a shafin nan sun sani. Ɗan abin da nake zuwa ina yi muku surutu da shi, daga zauren mutumin nan na kwaso shi. Yana da wani akwatin ƙarfe cike da littattafai, wasu har gara ta ɗanɗana. Ya ba ni izinin in buɗe ko ba ya nan.

In na mayar da littafi ba ya tambayata ko na gane. Tambayarsa kullum, ina ne ban yarda da marubucin ba.

Lauya Ba Kotu yake ce min, saboda bakina.

Bai taɓa yi min gyara a gaban mutane ba. In na yi kwaɓa a majalisa, na faɗi sunan wata ƙasa ba daidai ba ko na haɗa tarihi biyu wuri ɗaya, sai ya yi shiru. Washegari in na zo wucewa ya kira ni, ya miƙo min ƙosai, ya ce jiya akwai wani ɗan wuri da muka zame. "Muka," kamar tare muka yi.

Akwai abu ɗaya da in ya fara magana a kai ba ya gajiya: filin bakin kogi da ke ƙasan unguwarmu. Ba wani makeken fili ba ne. Doguwar gaɓa ce mai tsofaffin itatuwan mangwaro da maɗaci, inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu. Ya ce yana saurayi aka auna wurin, shi ya riƙe bakin igiyar awo, kuma a taswirar gari an ware shi wurin shan iska ne, ba a gini a kai.

Hujjarsa mai sauƙi ce. Ya ce dubi mutanen da ke shigowa Kaduna: 'yan biki, 'yan taro, masu zuwa yaye 'ya'yansu sojoji, waɗanda jirgin ƙasa ke saukewa daga Abuja. Su gama abin da ya kawo su, su rasa inda za su kai yara, su koma otal su kalli talabijin, da safe su tafi. Ya ce baƙo ba ya ƙara kwana don an roƙe shi, sai in akwai inda zai zauna ya ga wani abu. Kuma wurin zaman nan ba ya faɗowa daga sama, tun a takarda ake ware shi kafin mai bulo ya iso. Hanyar shiga, inda za a ajiye mota, bayan gida mai tsabta, layin masu suya da masa nesa kaɗan da ruwa, wurin da kwale-kwale zai ɗauki mutum ya zaga da shi. In aka bar gaɓar a buɗe, mai kifi zai ci, mai keke zai ci, mai otal zai ci, kuma in kogi ya cika da damina yana da inda zai bi ba ɗakin kowa ba.

Mu kuwa muna jinsa kamar rediyo.

To ga inda maganar ta shafe ni. Kwamitin unguwa ya yanke shawarar a yanka filin, a yi shaguna da wurin wankin mota a raba wa matasa. Ba da izinin kowa ba. Dabarar ita ce a yi sauri a kafa bulo, in gini ya tsaya sai a ga wanda zai rushe. Abin da ake faɗa a majalisa shi ne gara mu 'yan unguwa mu ci kafin wani mai babbar riga ya zo ya kewaye shi da katanga. Maganar ta shige ni, don na ga an yi hakan a wasu wurare.

An yi min alkawarin shago ɗaya. Na karɓa.

Teburin da nake kasuwa a bakin shagon wani yake. Ranar da ya tashi da fushi, ni ma ranar ba ni da wuri. In ruwa ya sauko da leda nake rufe kaya ina tsaye a ciki. Ba ina neman a tausaya min ba ne, ina dai faɗin yadda abin yake.

Juma'ar da ta wuce muka haɗu da Baba bayan masallaci, muka shiga keke ɗaya. Na yi ta jan hira zuwa wani wuri, tsadar mai, ƙwallo, komai. Ya bar ni na gama. Da muka kusa sauka ya ce, "Lauya, na ji an ba ka shago. Allah ya sa albarka."

Maimakon in ce amin in yi shiru, sai bakin nan nawa ya ce masa kallon ruwa ba ya kai tuwo gida, kuma su da suka ci albashi shekara da shekaru suna da damar son itatuwa.

Bai yi fushi ba. Ya yi 'yar dariya ya ce da gaskiyata a rabin maganar, in zo gida mu yi ɗaya rabin. Ya ce, "In za ku yi ɗin dole, ku bar wa mutane hanyar da za su kai ga ruwa. Ko faɗin mutum biyu ne."

Na ce zan zo. Ban je ba.

Yau bayan azahar aka fito da shi. Duk wanda ya san layinmu ya san yadda muka yi da shi: wannan ya ƙara dakali, wancan ya fito da shago, wani ya haƙa ramin sokawe a kan hanya, gidanmu ma mun tura rumfar kwano. Motar gawa ba ta shiga ba. Da aka zo kwanar lungu da makara sai ta ƙi juyawa. Sai da aka ɗaga ta sama da kawuna, aka karkata ta, wasu suka hau dakalin mutane suka karɓa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa a bar hanya. Babu wanda ya kalli idon wani.

Na ɗauka kunyar yau ta ƙare a nan. Ashe da saura.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, Yaya Nura ya haɗa ni da wani dattijo, Mista Bulus, abokin karatun Baba. Dattijon ya ce yana da motocin da ke ɗaukar baƙi yawon buɗe ido, kuma Baba ya daɗe yana damunsa a waya ya zo ya ga wani wuri a bakin kogi da zai riƙa kawo mutane. Shi kuwa kullum yana ce wa Baba sai wani watan. Yau ya zo, ya roƙi a kai shi ko sau ɗaya, ya ga abin da abokinsa ke gani. Yaya Nura ba zai iya barin masu gaisuwa ba, ya ce, "Ga ɗan gidan Baba, shi zai kai ka."

Ɗan gidan Baba.

Na shige gaba muka gangara. Abin da ya fara tarbarmu bola ce, leda da ƙunzugun yara har bakin ruwa, don tunda aka ce za a yanka wurin kowa ya mai da shi juji. An sare mangwaro biyu. An kafa turaku an ja igiya, an tara bulo. Mista Bulus yana tafiya a hankali yana ɗage ƙafar wandonsa.

Da muka wuce bulon muka kai ƙarƙashin maɗacin da ya rage, sai iska ta taso daga ruwa. Wani masunci yana jan koma a tsallake, rana ta yi ƙasa. Dattijon ya tsaya ya daɗe. Ya ce Haruna bai yi ƙarya ba, wurin nan da a wani gari yake da sai an yi layi kafin a shiga.

Sannan ya nuna turakun da ke kusa da ƙafarmu, ya tambaye ni, "Ɗana, waɗanne marasa tausayi ne za su yi gini a nan?"

Turakun shagona ne. A kan su muke tsaye.

Ni da ake cewa ba a kayar da ni a magana, na ce masa wasu 'yan unguwa ne.

Ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye su. Na ce amin.

Ban san ko filin nan zai tsira ba. Ba ni da iko da kwamiti, ba ni da iko da masu manyan riguna, kuma abokaina da aka yi wa alkawari irin nawa ba mugaye ba ne, wuri suke nema kamar ni. Bayan sadakar uku za a yi mitin na ƙarshe a ƙofar mai unguwa kafin a fara gini. Zan je.

Na bar shagon. Da hannuna zan cire turakun gobe in Allah ya kai mu. Na rubuta a nan ne don na san halina, in ruwa ya sake dukana a kasuwa zan iya neman hujjar komawa, kuma hujja ba ta yi min wuya. Duk wanda ya gan ni ina zagaye wurin da bulo, ya buɗe rubutun nan ya nuna min a gaban mutane.

'Yan unguwa da ke karantawa, ku zo mitin ɗin. Ku zage ni in kuna so, na saba. Amma kafin ku zo ku gangara ku tsaya ƙarƙashin maɗacin nan tukuna.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Haruna, ka yalwata masa kabarinsa fiye da yadda muka bar masa hanya, ka sanyaya makwancinsa, ka ba matarsa Hajiya da Yaya Nura da sauran iyali haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce. In da saura a bakinku, ku roƙa min Allah ya riƙe min harshe ranar mitin, in yi magana irin tasa ba irin tawa ba.